Aikin canza wa tsohuwar laftof ɗina diraif ɗin faifai

Asabar, 3 ga Fabrairu 2024

Yau dai na ce bari in fara rubuta yadda aikin nan ke tafiya, don na lura in na kwance abu na mayar, bayan wata biyu sai in kasa tuna wane noti ne na ina, kuma ƙila akwai mai irin matsalar da zai amfana.

Laftof ɗin tsohuwa ce, 'yar wajen ƙarshen 2007, Core 2 Duo ce a cikinta. Har yanzu lafiyarta ƙalau, sikirin garau, kibod ɗin ma ya fi na sababbin nan daɗin rubutu a wajena. Matsalar ɗaya ce, diraif ɗin faifai. Irin kombo ɗin nan ne, yana karanta DVD yana kuma ƙona CD, amma ba ya ƙona DVD. To yanzu karatun DVD ɗin ma ya daina, in ka sa faifai sai ka ji yana juyawa yana tsayawa, yana ƙas ƙas kamar sau biyar, daga nan shiru, kwamfuta ta ce wai sa faifai. Amma CD yana ɗauka nan take.

Da farko na zata datti ne a idon, na sa auduga da ɗan sifirit na goge a hankali, babu canji. Daga baya na gane ai ba leza ɗaya ba ce a ciki, ta CD daban mai tsawon zangon haske nanomita 780, ta DVD ja ce mai 650, so ɗaya na iya gajiya ɗayar tana aiki. Ta DVD ɗin ce ta tafi kenan.

Abun da ya sa na damu, ina da faifai 46 a kwali, hotunan iyali ne da bidiyoyi da wasu karatuttuka da muka naɗa shekaru da yawa, kuma akwai waɗanda babu kwafinsu a ko'ina sai nan. Faifan da aka ƙona a gida ba ya dawwama, rinin da ke cikinsa lalacewa yake a hankali, wasu har sun fara canza kala ta gefe. Ina so in kwashe su duka in zuba a haddisk, sannan masu muhimmanci in sake ƙona su a sabon faifai. Tunda dole sai na canza diraif ɗin, gara in sa wanda ke ƙona DVD gaba ɗaya.

Na san za a ce me ya sa ba zan sayi na USB kawai ba. Ina son nata na ciki ne, in buɗe ta in sa faifai ba tare da jan wata waya ba, kuma ina ganin kwamfutar da ke aiki ta cancanci a gyara ta.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na yi oda. Na buɗe murfin haddisk na ga bakin da yake haɗuwa da kwamfuta irin na SATA ne, na ce to shikenan kwamfutar SATA ce, diraif ɗin faifan ma haka zai kasance. Na auna kaurin ƙofar daga waje da rula, ya kusa milimita 13, wato mai 12.7 kenan ba siririn nan mai 9.5 ba. Na zaɓi mai tire, ba irin wanda ke haɗiye faifai ta tsaga ba, tunda jikin laftof ɗin an yanke shi ne don tire ya fito. Mai gudun 8x ne a DVD, yana ƙona har da mai hawa biyu na 8.5GB. Sai jira.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ya iso, kuma bai shiga ba.

Bari in faɗi yadda aka yi dalla-dalla. Na kashe ta, na zare caja, na cire batir, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don sauran wutar ta fita. Na kifa ta, akwai noti ɗaya tal a ƙasa mai ɗan zanen faifai a gefensa, shi ke riƙe da diraif ɗin gaba ɗaya. Da na kwance shi na tura ɗan ƙarfen da ya bayyana da bakin sukundireba, sai diraif ɗin ya zamo waje sumul. Na juya bayansa, na ɗauko sabon na jera su gefe da gefe, wallahi gabana ya faɗi, don bakunan ko kama ba su yi ba.

Na tsohon baki ɗaya ne, ɗan dogo siriri, da haƙora ƙanana sosai jeri biyu, sai da na haska fitilar waya na ƙirga, 25 sama 25 ƙasa, 50 kenan. Wannan shi ne IDE na laftof, wasu su ce PATA wasu su ce ATAPI, kanektan kamfanin JAE ne, kuma wuta da data duk a cikin bakin nan ɗaya suke tafiya. Na sabon kuma baki ne da aka raba gida biyu, ɓangare ɗaya haƙora 7 na data, ɗayan 6 na wuta, 13 gaba ɗaya, kowane ɓangare da ɗan lanƙwasa kamar harafin L. Shi ne siririn SATA.

Kuma wani abu da ban taɓa lura ba sai yau, siririn SATA ɗin nan ma ba ɗaya yake da SATA na haddisk ba. Na haddisk 7 da 15 ne, 22. Ɓangaren data iri ɗaya ne amma na wuta an matse shi, saboda diraif ɗin faifai na laftof bolt 5 kawai yake sha, ba ya buƙatar layin 12 ko 3.3. So ko da za ka ce bari in gwada shi a ramin haddisk, nan ma ba zai zauna ba.

Ban tura shi da ƙarfi ba, alhamdulillahi. Na ɗan zura shi na ji ya tokare saura kamar rabin inci sai na tsaya. Da na danna da na karya kanektan da ke jikin madabod, wato babban allon kwamfutar, kuma wannan in ya karye aikin ya tashi daga canza diraif ya koma wani babban abu.

Laifin ba na kowa ba ne, abun da na yi oda shi aka kawo. Noti ɗaya ne tsakanina da sanin gaskiya ranar Litinin ɗin can, ban kwance shi ba. Abun ya ɗan tsaya min a rai yau gaskiya.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Na kwana ina karatu don in gane ta yaya kwamfuta ɗaya za ta zama haddisk SATA, diraif kuma IDE. Ashe lokacin da aka ƙera ta ne ake tsakiyar sauyi. Haddisk ne ya fara komawa SATA a laftof, diraif ɗin faifai ya daɗe a IDE bayansa. Shi siririn kanektan SATA ɗin ma sai a 2007 ya shiga ƙa'ida, a bugu na 2.6. Cif ɗin Intel da ke cikin tawa ICH8M ne, yana da tashoshin SATA kuma yana da layin IDE guda ɗaya, to masu ƙerawa sai su ba haddisk SATA su bar wa faifai IDE ɗin. Wanda ya biyo bayansa a 2008, ICH9M, an cire masa IDE kwata-kwata, daga nan ne kusan kowa ya koma SATA. Wato in laftof ɗinka ta faɗo tsakanin 2007 da 2009, shekara kaɗai ba za ta gaya maka komai ba, sai ka zare ka gani da idonka.

Lambobin model ma suna da tarko, harafi ɗaya ko lamba ɗaya ke raba su. TS-L632 IDE ne, TS-L633 SATA ne. AD-7560A IDE, AD-7560S SATA. Ta gaba kuwa kamar 'yan biyu, hoton da ake sawa a talla yawanci ta gaba ne ko ta sama, baya ne ba a cika nunawa ba. Kuma ba kamfanin laftof ɗin ke yin diraif ɗin ba, 'yan kamfanoni kaɗan ne ke yi wa kowa: in ka ga TSSTcorp haɗin Toshiba da Samsung ne, HL-DT-ST Hitachi da LG, MATSHITA Panasonic ne, Optiarc kuma Sony da NEC. Da na shiga Device Manager na kwafi sunan da ke wajen na bincika, ko noti ban taɓa ba da na sani.

Na yi tunanin adafta. Akwai ƙananan allunan da ke juya IDE zuwa SATA, amma ina za a sa shi? Diraif ɗin ya cike ramin tun daga ƙofa har ƙurya, babu ko sararin yatsa. Irin gidan nan da ake sa haddisk na biyu a ramin faifai shi yana iya ɗaukar cif ɗin juyawa saboda haddisk ƙarami ne ya bar fili, amma diraif da diraif babu hali. Na haƙura da wannan.

Wani abu da na duba kuma, ko bakin da na gani ba nasa na asali ba ne. Wasu laftof, kamar ThinkPad masu Ultrabay ko Latitude 'yan jerin D, suna ɗaura wani ƙaramin adafta nasu a bayan diraif da noti, sai ka cire shi kafin ka ga ainihin bakin. Tawa babu wannan, ɗan ƙarfen riƙewa ne kawai da noti biyu.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ƙanena ya zo ya ga sabon a kan tebur ya ce, Yaya ba ni mana in sa a tawa tunda nawa ma ya fara wasa. Na ce kawo ta mu gani amma fa wannan karon sai mun zare naka tukuna. Muka zare, baki ya yi daidai, SATA mai 13, har ya fara murna. Sai muka jera su, nasa 9.5 ne nawa 12.7, ko kan bai shiga ƙofar ba. Milimita uku da ɗan kai ne bambancin amma babu yadda za ka yi da shi. Akasin haka wani lokaci siriri yana shiga babban rami, sai dai ya bar gibi kuma fuskar ba za ta hau ba.

Na ajiye shi a ledarsa. Zan samo masa gidan USB daga baya.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na samu mai IDE. Sabo dai kusan babu shi yanzu, an daɗe da daina yi, sai wanda aka ciro daga matacciyar laftof. Wannan karon na ce a turo min hoton bayansa da na takardar da ke manne a sama kafin komai, na ƙirga haƙoran a hoto, na duba lambar. 12.7, mai tire, DVD±RW, 8x.

Na kwance ɗan ƙarfen bayan tsohon na mayar kan wannan, ramukan notin sun yi daidai. Notin ƙanana ne ainun, M2, na sa su a murfin kwalba don kar su ɓata. Na zura shi ba tare da fuska ba don gwaji, ya shige har ƙurya na ji ya zauna. Na kunna, fitilarsa ta yi ƙyafta, na danna maɓalli tire ya fito. Na ji daɗi sosai a lokacin.

Sai dai kwamfutar ta daɗe a tambarin farko, ta kai kusan rabin minti abun da da ba ta wuce sakan biyar, sannan ta wuce. Na shiga BIOS, wato manhajar da ke fara tashi ta duba na'urorin kwamfuta kafin Windows, wajen faifai an rubuta babu komai. A jerin abubuwan da za a iya tayar da kwamfuta da su ma ba ya ciki. Na shiga Windows 7, babu shi.

Na kashe, na zare, na hura kanektan, na duba ko akwai haƙorin da ya lanƙwashe, babu. Na mayar da tsohon, BIOS ta gan shi nan take. To madabod lafiya take kenan. Na sake sa sabon, shiru. Wuta na zuwa masa amma ba sa magana da juna. Na bar shi haka na kwanta, kaina ya ɗau zafi.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Yau na gano bakin zaren, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so mai karatu ya tsaya a kai, don na tabbata akwai diraif masu lafiya da yawa da aka jefar saboda shi.

Na tayar da kwamfutar da Linux daga filash, na buga dmesg, umarnin da ke nuna na'urorin da ta gano, ina bin layukan. Sai ga sunan sabon diraif ɗin ɓaro-ɓaro, har ya ba shi /dev/sr0, na sa DVD ya karanta. Lafiyarsa ƙalau ashe! Amma a gaban sunan an rubuta .01 a ƙarshen lambar tashar. Na mayar da tsohon na sake dubawa, shi .00 ne. Wato tsohon masta ne, sabon kuma ya zo a matsayin silef.

Ga wanda bai yi zamanin IDE ba: waya ɗaya na'ura biyu ke iya rabawa, ɗaya ta zama ta farko, masta, ɗaya ta biyu, silef. A kwamfutar tebur akwai ɗan jamfa a bayan diraif da kake matsarwa da hannu ka zaɓa. A na laftof yawanci babu jamfa. Ko dai an rubuta zaɓin a cikin famwaya, wato manhajar da ke cikin diraif ɗin kansa, ko kuma ya duba haƙori na 47 da ake kira CSEL. A ƙa'ida in 47 yana haɗe da giraun, wato layin sifili da ke haɗe da ƙarfen jikin kwamfuta, diraif ya zama masta, in an bar shi a sake ya zama silef. Sai dai ba kowane mai ƙera laftof ya bi wannan ba, wasu sun bar 47 a sake suka sa diraif mai famwayar da ke cewa ni masta ne ko ta halin ƙaƙa, wasu ma famwayar juya ƙa'idar take yi. To in ka kawo diraif daga wata kwamfuta daban sai ya duba 47 ya ga a sake ya ce shi silef ne, ita kuma BIOS masta kaɗai take nema a layin, ta jira ta gaji ta wuce. Jinkirin da na gani jiya kenan. Wasu laftof ma rubutu suke fitarwa, IDE #1 ERROR, tawa dai shiru ta yi.

Na tabbatar da mitar awon wuta, wadda ke ƙara in wurare biyu a haɗe suke. Da komai a kashe, batir a waje, na auna tsakanin 47 na kanektan madabod da ƙarfen jikin kwamfutar, babu ƙara. A sake yake.

SATA ba shi da wannan rigimar sam, kowace na'ura da layinta, shi ya sa waɗanda suka fara gyara a 'yan shekarun nan ba su ma san da ita ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in nemo famwayar wannan model ɗin da aka saita a masta in zuba masa, ko in haɗa 47 da 45 a jikin diraif ɗin, tunda 45 giraun ne kuma maƙwabcinsa ne a jeri ɗaya.

Talata, 27 ga Fabrairu

Na bar maganar famwaya. Fayilolin da na gani an ɗora su ne tun shekaru goma sha, ban da tabbacin na wane bugu ne, kuma in ka zuba wadda ba ta dace ba ko wuta ta katse a tsakiya diraif ɗin ya mutu murus, ga shi da ƙyar na samo shi. Haɗa 47 da 45 da dalma kuwa, in bai yi ba zan iya ɗauke dalmar. Zan yi ranar Asabar da rana, lokacin da akwai haske kuma hannuna bai gaji ba.

Asabar, 2 ga Maris

An yi, kuma ya yi.

Tazarar haƙoran milimita 0.8 ce, ƙanƙanta ce ta gaske, sai da na ɗaura madubin ƙara girma. Abun da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tabbatar da wane gefe ne 1 wane ne 50, don in ka ƙirga daga gefen da ba shi ba ka haɗa layukan da ba su da alaƙa da maganar. A jikin allon diraif ɗin akwai 'yan lambobi da aka buga a kusurwoyin kanektan, na bi su. Jeri ɗaya mara ne, 1, 3, 5 har 49, ɗayan cika. So daga ƙarshe 49 ne, sai 47, sai 45. Ban yarda da ido kaɗai ba, na ɗora mita a kan wanda nake zaton 45 ne da ƙarfen jikin diraif, ta yi ƙara, 43 ma ta yi, 47 shiru. Daidai kenan.

A kula da wannan sosai: ƙasa kaɗan, daga 38 zuwa 42, layin bolt 5 ne. In dalma ta malala daga 43 ta taɓa 41 ka haɗa wuta da giraun, kuma ba diraif kaɗai zai ji a jikinsa ba har madabod. Shi ya sa ban ɗiga dalma kai tsaye ba. Na zare silin waya guda ɗaya daga cikin tsohuwar waya mai gashi, na shafa masa dalma tukuna, na ɗora shi a ƙafafun 45 da 47 ta inda suke manne da allo, na ɗan taɓa da bakin ayan na sakan ɗaya kowanne, na yanke saura. Na rufe sauran ƙafafun da tef mai jure zafi kafin in fara. Da na gama na sake aunawa: 47 da giraun ƙara, 47 da 49 shiru, 41 da giraun ba a haɗe ba.

Kuma ban kunna shi a buɗe ba, sai da na mayar da murfin ƙarfen. Lezar ƙona faifai ba abun wasa da ido ba ce.

Na zura, na kunna, tambari ya wuce cikin sakan kaɗan kamar da. BIOS ta nuna sunansa. Windows ta gan shi ba tare da na sa wani direba ba. Na daɗe zaune ina kallon sunan a sikirin, raina fes.

Lahadi, 3 ga Maris

Fuska. Na ɗauka minti biyar ne, ya ci min awa guda.

Fuskar robar da ke gaban tire ta laftof ce ba ta diraif ba, an lanƙwasa ta ta bi siffar jikin kwamfutar, so dole ka ciro ta tsohon ka mayar kan sabon. Na warware kilif ɗin takarda na zura a ɗan ramin gaggawa, tire ya fito ba tare da wuta ba. Ta ciki akwai 'yan ƙugiyoyin roba da ke riƙe da ita, sai ka danna kowace da siririn abu kana ja a hankali, robar ta tsufa, in ka matsa ta karye. Akwai ma'aunin da ake kira GBAS da yawancin masu 12.7 ke bi don ƙugiyoyin su faɗa waje ɗaya, amma ba duka ba. Nawa uku sun shiga, ta huɗu ta tokare da wani ɗan tudu, na kankare ta kaɗan kaɗan da reza ina gwadawa har ta zauna.

Abu uku na duba bayan ta hau: maɓallin fitarwa yana danna ɗan makunnin da ke bayansa, hasken fitila yana fitowa ta tagarsa, ramin gaggawa ya yi saiti. Biyun farko daidai, ramin ya ɗan kauce amma kilif na shiga in ka karkata shi. Rubutun da ke kan fuskar har yanzu na kombo ne, wannan bai dame ni ba.

Asabar, 9 ga Maris

Sati guda ina aiki da shi. Na fara duba gudun da yake tura data, yana kan UDMA 2 wato 33MB a sakan, DVD 8x kuma bai wuce 11MB a sakan ba, so IDE ɗin ba ya rage masa komai. Wanda ke ganin ya yi asara don bai samu SATA ba ya kwantar da hankalinsa, a faifai gudun ɗaya ne.

Na ƙona na gwaji guda biyu da manhajar ImgBurn, na kunna tantancewa bayan ƙonawa, duka sun wuce. A 4x nake yi ba 8x ba, diraif ɗin ba yaro ba ne kuma abun da nake zubawa ba na gaggawa ba ne. In ka ga faifan 4.7GB kwamfuta ta ce 4.38 ba a cuce ka ba, lissafin ne ya bambanta, su suna ƙirga da 1000 ita da 1024. Mai hawa biyu ban gwada ba tukuna.

Wajen yankin DVD, wato lambar sashen duniya da diraif zai kunna finafinansa, na ga mai shi na da ya saita shi a 2, saura canji 4. Sau 5 kawai ake yarda ka canza, na ƙarshe ya zauna har abada, to ban taɓa ba, faifan da aka ƙona a gida ba su da yanki.

Mai SATA ɗin nan ma ya samu gida. Na sa shi a kes ɗin USB na 12.7 mai bakin 13. Da waya ɗaya yana karantawa amma da ya fara juyawa da ƙarfi sai ya katse ya dawo, na duba takardarsa an rubuta 5V 1.5A, tashar USB 2.0 kuma 500mA aka yi mata alkawari, 3.0 ma 900mA. Na sa waya mai kai biyu ya daidaita. Ƙanena ya tafi da shi.

Cikin faifai 46, na kwashe 41 lafiya. Biyu sun yi gardama, na wanke su da ruwa da ɗan sabulu na goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, suka karantu. Saura uku, kuma ɗaya daga ciki shi ne wanda na fi so, bidiyon da muryar mahaifinmu ke ciki. Yana fara kwafa ya tsaya a wajen kashi 70, daidai inda gefen ya canza kala. Na koma Linux na sa masa manhajar ceto data ddrescue da -b2048, tunda kowane ɗan gurbin data na DVD bayit 2048 ne, da fayil ɗin taswira don in na tsayar ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana tsallake wuraren da suka ƙi ya kwashe masu kyau tukuna, sannan ya dawo yana bin masu wuyar ɗaya bayan ɗaya. Tun la'asar yake yi, yanzu saura 31MB bai samu ba. Zan bar shi ya kwana, gobe kuma in karɓo na USB ɗin daga wajen ƙanena in gwada da taswirar nan ɗaya, don wani lokaci abun da ido ɗaya ya kasa karantawa wani idon yana ɗauka.